Shekara Biyun da Na Baro a Shagon Intanet

A gidanmu ni ne na fara wuce aji shida na firamare. Yayyena maza biyu allo suka yi, ɗaya ya sauke ya kama noma tare da Baba, ɗayan yana fataucin riɗi tsakanin Maigatari da Gujungu. Yayata tana aji huɗu aka cire ta aka yi mata aure. Saboda haka lokacin da na gama sakandare a 2009, a wata makarantar jeka-ka-dawo ta gwamnati a ƙasar Haɗeja, duk gidan kallon masani ake yi mini. Wasiƙa in ta zo ni ake kira, takardar asibiti ni ake miƙa wa. Inna tun ina aji biyar ta daina kiran sunana, sai dai Likita.

Likitan nake son zama kuwa. Amma da za a tsare ni a ce in faɗi yadda ake zama likita, iyakar abin da zan ce shi ne mutum ya ci JAMB ya tafi jami'a. A makarantarmu akwai wani ɗaki da aka rubuta ofishin mai ba ɗalibai shawara a ƙofarsa, ciki karyayyun bencina ne da kwalayen alli. Malamanmu sun yi bakin ƙoƙarinsu a aji, Allah ya saka musu. Sai dai ba wanda aka ɗora wa nauyin ya zaunar da mu ya ce ga inda hanya ta bi.

A 2010, shekarar da JAMB ta haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta kwalejoji ta zama guda ɗaya, Baba ya sayar da tunkiya ya ba ni kuɗin. Na hau mota zuwa cikin gari, na sayi katin nan da ake kankarewa, aka nuna mini wani shagon intanet. Cunkoso har bakin titi, janareta na ta ruri. Da layi ya zo kaina, na tarar da wani yaro sa'ana a gaban kwamfuta, ko ɗago kai bai yi ba.

"Me za ka karanta?"

Na ce, "Likita."

"Wace jami'a?"

Na faɗi sunan wadda na fi ji a rediyo.

"Sayans ka yi ko?"

Na ce e. Ya yi 'yan danne-dannensa, ya ɗauki hotona, inji ya turo takarda, ya ce na gaba. Duk abin bai kai minti biyar ba. A takardar an jera Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, na duba na ga duk darussan da nake ji da su ne, har na ji daɗi. Inna ta karɓa ta naɗe ta a leda ta sa a ƙasan kwallarta, wurin da take ajiye 'yan kunnen aurenta.

Na yi karatu kamar zan haɗiye littattafan. Lokacin da fensiri ake rubuta jarrabawar, ana cike 'yan ramuka a takarda. Sakamako ya fito na ci 241 cikin 400. A garinmu an ɗauka duk wanda ya haura 200 ya gama da jami'a, don haka har kaza aka yanka. Daga nan sai jira. Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noman farko da maimai, aka girbe gero, shiru. Sau biyu ina cin bashin kuɗin mota in je jami'ar in bi allunan sanarwa da yatsa layi-layi, sunana babu. Duk wanda na tambaya amsa ɗaya ce: sai kana da hanya, sai ka san wani babba. Na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari, domin ta fi sauƙin haɗiya.

Shekara ta zagayo, yayana mai riɗi ya biya mini. Na koma shagon nan na ce a sa mini irin na bara, tunda su na riga na haddace. Na ci 229. Shiru ya sake maimaita kansa. A wannan tsakanin na samu aikin tsaron wani kemis a bakin tasha, ina ƙirga ƙwayoyin farasitamol ina naɗewa a takarda. Samarin majalisa suka sa mini suna Likitan Tasha. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ta daina kirana Likita in akwai baƙi, sai mun rage mu biyu take faɗa a hankali, kamar mai tsoron kada ta fama mini ciwo.

Akwai wani dattijo da ke zuwa sayen maganin hawan jini duk farkon wata. Akawu ake ce masa a garin, don ya yi shekaru yana aiki a ofishin rajistar wata jami'a kafin ya yi ritaya ya dawo gida. Wata rana ya tarar da ni da littafin tsoffin tambayoyin JAMB a kan kanta, ya tambaye ni karo na nawa ke nan. Na ce na uku zan shiga. Na ƙara da cewa ai mu 'ya'yan talakawa ba mu da hanya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, gobe bayan la'asar ka kawo mini duk takardunka."

Na same shi a zaurensa a kan buzu. Ya jera takardun a gabansa, sakamakon WAEC, takardun JAMB biyu. Bai yi minti uku yana dubawa ba ya cire tabarau.

"Ɗana, wa ya cike maka wannan?"

"Mai shagon intanet ne, Baba."

"Ina Bayoloji?"

Na ce ai na yi shi a WAEC, har B3 na samu.

"A JAMB nake tambaya. Mai neman likitanci Turanci yake rubutawa da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Kai Lissafi ka rubuta a madadin Bayoloji, wannan haɗin masu injiniya ne. Ko 400 ka cinye cif, takardarka ba ta isa teburin kowa ba, tun a tankaɗen farko take faɗuwa." Ya ɗauki sakamakon WAEC ya ɗora yatsa a layin farko. "Wannan kuma fa? D7 a Turanci. Ka san kiredit daga C6 yake farawa?"

Wallahi ban sani ba. Na ga an rubuta na wuce, na ɗauka na wuce. Kiredit biyar ake nema, dole da Turanci da Lissafi a ciki, ni kuwa ina da bakwai amma babu Turancin. Ƙofa biyu ke nan a kulle, na shekara biyu ina ƙwanƙwasa bango ina zagin masu hanya.

Ya miƙa hannu bayan wata adaka ya jawo wani littafi mai kauri da bangonsa ya yage, kundin JAMB, wanda ya jera kowane kwas da darussan da ake buƙata da abin da kowace jami'a ta ƙara na sharaɗi. Ban taɓa sanin akwai shi ba. Ya buɗe ya nuna mini da idona. Sannan ya bayyana mini yadda jami'o'in tarayya ke raba gurabe: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. Ya ce Jigawa tana cikin wannan rukuni na ƙarshe. "Gwamnati ta ware maka kujera tun kafin a haife ka, kai kuma ka tafi kana neman tsayuwa a gidan da ba a san ka ba."

Na tashi a fusace, niyyata in je in ci kwalar yaron shagon nan. Akawu ya ce in zauna. Ya ce shi ma wannan yaron wa ya taɓa nuna masa kundin? Dannawa aka koya masa, kuma kan mutum ake biyansa. Har yau in na tuna yaron ba na jin haushinsa sosai, amma ban ce ba na ji gaba ɗaya ba.

A zaman nan muka tsara komai. Zan sake rubuta Turanci a jarrabawar NECO ta ƙarshen shekara, tunda yawancin kwasa-kwasai suna karɓar sakamakon zama biyu. Likitanci kuwa ya gaya mini gaskiya, jami'o'i da yawa zama ɗaya suke so, sai dai in sake dukkan darussan daga farko, kuma ya san Baba ba shi da wata tunkiyar. Ya tambaye ni, in aka cire sunan da Inna ke kirana, wane darasi ne in na zauna da shi ba na jin wucewar lokaci? Na ce Kemistiri. Ya ce to haɗin da ka haddace shekara biyu ya dace da shi, kuma Jami'ar Bayero tana ɗaukar Jigawa a yankinta. Na samu C5 a Turanci. A JAMB ta 2012 na ci 226, ƙasa da duk abin da na taɓa ci, kuma da shi na samu gurbi.

Zaman jami'a labari ne na daban, ba zan ja shi ba. Na sauka a tsohuwar jami'a da akwatin ƙarfe da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ban san mene ne rajistar kwas ba, ban san cewa makin zangon farko yana bin mutum har ranar fita ba. 'Ya'yan ma'aikata da muke aji ɗaya sun zo da wannan sanin daga gida, a bakin tabarmar cin tuwo suka ji shi. Ba su fi mu kai ba, da yawansu ma ni nake yi musu bitar lissafi. Yajin aikin malaman jami'a na 2013 ya ci mana daga Yuli zuwa Disamba, na koma kemis na ƙara tara na rajista. Na gama, na yi bautar ƙasa, na samu koyarwa a wata sakandaren gwamnati ba nisa da gida.

A farkon 2018 maƙwabcinmu ya turo ɗansa ya nuna mini takardar rajistarsa, don in sa albarka kawai. Yaron lauya yake so. Na duba darussan, babu Adabin Turanci. Sai da na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi, don fuskarsa irin tawa ce sak ranar da na kawo wa Inna tawa takardar, yana murmushi yana jiran yabo. Muka yi sa'a ba a rufe gyara ba. Washegari na ɗauke shi a babur muka je aka gyara. Kafin mako ya ƙare yara shida sun zo zauren Baba da takardunsu a leda, huɗu a cikinsu akwai matsala.

Tun daga nan abin ya zame mini aiki. Ba ƙungiya ba ce, ba mu da suna, ba mu da allo a ƙofa. Littafi ne mai layi na sittin-sittin, kowane yaro da shafinsa, da zauren Baba daga Disamba zuwa lokacin da aka rufe rajista, ranakun Asabar da Lahadi bayan la'asar.

Mutane suna zaton da zancen jami'a nake farawa. Da suna nake farawa, don a nan aka fi yi mana illa. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma abin da ke kan NIN shi take kwasowa. Mu kuwa yaro ɗaya sai ka same shi da suna uku. A firamare hedimasta ya rubuta Muhammadu, a WAEC an sa Mohammed, a NIN an sa Muhammad. Wani sunan mahaifinsa ne a wata takardar, a wata kuma sunan garinsu, a ta uku sunan kawun da ya riƙe shi. Ranar haihuwa kuwa rabin ajina ɗaya ga Janairu aka haife su, don ranar da aka tambayi uba ya ce shekarar da aka yi ambaliya ce, mai rubutu ya cike abin da ya ga dama. Wannan ba ya hana yaro rubuta jarrabawa. Sai ya ci, ya samu gurbi, uba ya sayar da amfanin gona, sannan a wurin tantance takardu a ce mutum biyu ne. Shekarun ma suna da nasu tarkon can gaba, don wanda ya haura talatin lokacin kammalawa ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, kuma yaranmu da yawa ba sa gama sakandare da wuri. Saboda haka nakan sa kowa ya shimfiɗa takardunsa a tabarma mu bi harafi-harafi.

Sai layin waya. Da lambar waya ake karɓar lambar rajista, kuma wannan layin shi ne igiyar yaro da JAMB har ƙarshe. Yaran ƙauye sukan ari wayar wani yaya ko mai cajin waya, bayan wata biyu mai layin ya tafi cirani Legas da shi. Yanzu sharaɗina ke nan, kowa ya zo da layinsa na kansa, ko da wayar babu, a naɗe layin a ba uwa ta ajiye.

Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar gaba ɗaya, yanzu kuma tambaya 180 ce cikin awa biyu. Na ga yaron da ya fi kowa Fiziks a ajina ya fito yana kuka don hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta, bai taɓa riƙe shi ba sai ranar. Na sayi wata tsohuwar kwamfutar cinya ta hannu, batirinta ba ya awa ɗaya, muna kai ta shagon mai sola. Layi suke yi, minti goma sha biyar kowa. Abu na farko da nake nuna musu shi ne ba dole sai da linzamin ba, A da B da C da D na zaɓen amsa ne, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya. Yadda fuskar yaro ke sakewa in ya gane wannan, sai ka ce an sauke masa dakon buhu.

Zaɓen makaranta shi ne inda ake daɗewa, kuma da iyaye ake fama fiye da yaran. Uba zai zo ya zauna ya ce, "Malam, mu dai likita muke so, in bai samu ba lauya." Ba laifinsa ba ne, su biyun ya taɓa gani da idonsa, sai soja. Bai san akwai mai gwajin jini a ɗakin bincike ba, da mai ɗaukar hoton ƙashi, da mai gashin ƙashi na asibiti, da mai ƙiyasin kuɗin gini, duk kuma karatun digiri ne. Nakan ce masa, "Baba, mu fara duba abin da ke hannun yaron." Makin da JAMB ke sanarwa a rediyo kowace shekara mafi ƙaranci ne kawai, kowane sashe a kowace jami'a yana da nasa, kuma na likitanci da lauya da aikin jinya can sama suke. Yawancin jami'o'i kuma ba sa kallon wanda bai sa su a zaɓin farko ba, don haka zaɓin farko harsashi ɗaya ne.

Ina kuma sa kuɗin mota a lissafi, abin da masu ba da shawara na birni ke mantawa. Yaron da ke Kafin Hausa a Jami'ar Sule Lamido ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse, in garinsa ya ƙare ranar Alhamis zai iya zuwa gida ya ɗebo ya koma. Wanda aka tura jiha ta huɗu, yunwa ce za ta koro shi kafin jarrabawa ta kore shi. Kuma ba na jin kunyar cewa yaro ya tafi Kwalejin Ilimi ta Gumel ya yi NCE, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Kazaure ko ta Haɗeja ya yi difloma, ko makarantar kiwon lafiya ta Jahun. Wasu iyayen suna jin haka kamar na ce ɗansu ya faɗi. Sai na bayyana musu cewa mai NCE ko difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, kuma yana da takardar neman aiki a hannu tun kafin nan. Duk abin da muka yanke, yaro zai rubuta shi da hannunsa a takarda, kwas da makaranta da darussa huɗu, ya tafi da ita cibiyar rajista. Yanzu an hana shagunan intanet yin rajistar, sai cibiyoyin da JAMB ta amince da su, amma mai dannawa har gobe sauri yake yi. Nakan ce kada ka tashi daga kujerar sai ka karanta abin da ke kan allon da bakinka.

Samun gurbin ma sai an bi shi. Tun 2017 ta shafin CAPS ake bayarwa, dole yaro ya tabbatar an ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a can, in an ba shi gurbi kuma ya shiga ya danna ya karɓa. Akwai yaron da gurbinsa ya zauna yana jiransa har wa'adi ya wuce, shi yana gona yana jiran a aiko masa da wasiƙa. Wani uban kuma ya tura wa wani ɗan damfara kuɗin buhu biyu na gero don a ƙara wa ɗansa maki. Yanzu daga Agusta, duk daren Juma'a nakan bi shafukan littafina ɗaya bayan ɗaya ina duba wa kowa.

Yarinya ta farko da ta shigo littafin, ba ita ta zo ba, mahaifiyarta ce ta aiko ta wajen matata. Ita ce ta ɗaya a ajinsu, aikin jinya take so, kuma an riga an karɓi kuɗin gaisuwarta. Ban tunkari mahaifinta kai tsaye ba, yaro ne ni a gabansa. Na bi ta wajen limamin unguwarsu da wata gwaggonta da yake jin nauyi. Ranar da muka zauna, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni ba karatun nake ƙi ba. Wa zai riƙe mini ita a can?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ban zo da amsarta ba. Sai da muka ɗauke shi muka je Birnin Kudu, ya ga makarantar jinya da idonsa, ya ga katanga da ɗakin kwanan mata da mai gadi, ya gaisa da wata malama. A hanyar dawowa liman ya tuna masa yadda matan garin ke ƙin zuwa awo don maza ne a asibitin. Bai ce komai ba har muka sauka. Bayan kwana uku ya aiko cewa ta tafi, da sharaɗin a ɗaura aure in ta gama shekarar farko, mijin kuma ya yarda a gaban shaidu cewa ba zai cire ta ba. Haka aka yi. Ba yadda na so ba ne, amma ta gama.

Akwai wanda na cuta, kuma dole in faɗa. Yaro ne mai kaifin kai, marayan uba, ya ci 278, sakamakonsa zama ɗaya, komai daidai. Likitanci yake so. Ni kuwa wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Na zaunar da shi na tsorata shi da labarina, na ce kada ya yi caca da shekararsa, ya canza zuwa Bayokemistiri inda gurbi tabbas ne. Ya ce, "Duk yadda ka ce, Malam." A shekarar nan wani abokinsa da ya ci ƙasa da shi, wanda bai zo wajena ba, ya samu likitanci a wata jami'ar. Yaron bai taɓa yi mini maganar ba. In ya zo hutu har gida yake zuwa ya durƙusa ya gaishe ni, wannan gaisuwar ce ma take ƙona ni. Akawu da ya zaunar da ni tambayata ya yi, ni kuwa hukunci na yanke. Daga kansa na daina cewa yaro yi kaza. Nakan shimfiɗa masa abin da na sani, mai daɗi da marar daɗi, in ce ya je ya kwana biyu ya yi shawara da mahaifiyarsa ya dawo.

Wasu kuma sun shiga sun fita ba da laifin kowa a cikinmu ba. Yajin aikin 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya cinye mini yara biyu. Ɗaya ya tafi Abuja sayar da ruwa da lemo a kan titi, ya fara ganin kuɗi, da aka koma ya ce zai biyo baya, har yau yana biyowa. Da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota da na rajista suka tashi tare, na koma yawon bin 'yan kasuwar garinmu da littafina, wannan ya ɗauki rajistar yaro ɗaya, wancan ya ɗauki rabin ta wani. Rancen karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 ya rage mini wannan yawon, don yana biyan makaranta kai tsaye, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Tambayar farko da iyaye suka yi mini ita ce ko akwai kuɗin ruwa a ciki. Na ce babu, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Wani dattijo ya ce shi dai bashi bashi ne, hanji ne yana cikin kowa, amma ba zai sa wa ɗansa da hannunsa ba. Ban matsa masa ba.

Akawu ya rasu kafin littafina ya cika shafi ɗari. Ya dai ga farkon abin, har sau biyu ya zo zauren da sandarsa ya zauna a gefe yana sauraro, in na yi kuskure ya yi gyaran murya. Bayan sadakar bakwai babban ɗansa ya aiko mini da kundin nan mai yagaggen bango, ya ce tsohon ya ce a ba Likitan Tasha. Bayanan ciki sun tsufa, yanzu a shafin JAMB nake duba na kowace shekara a waya, amma yana nan a kan taga, yara suna ɗora kofin shayi a kai ina hana su.

Bana littafi na huɗu nake ciki. 'Yan mata sun ƙaru har zauren ba ya yi musu, don haka ranar Lahadi a tsakar gida suke zama, kuma ba ni nake zama da su ba. Ma'aikaciyar jinyar nan ce, in ba ta da aikin dare, takan zo da goyonta ta shimfiɗa takardunsu a tabarmar Inna tana bi harafi-harafi. Inna tana gefe tana tsinken zogale tana sa baki a abin da ba ta sani ba, ita take kira Likita yanzu, ni na koma Malam.

Gobe da asuba zan tafi cikin gari da yara tara, na riga na yi magana da mai mota. Bakwai rajista za su yi, takardar kowa tana aljihunsa. Biyu kuma ofishin NIN za mu fara zuwa, ɗaya an rubuta masa sunan kawunsa a madadin na mahaifinsa, ɗayar kuma takardarta ta nuna ta girmi yayarta da wata huɗu.